Ranar da Inji Ke Aiki

"Kunna!" in ji patron, wato shugaban kamfani, da ya hango motocin masu bincike daga Yawunde sun shigo masaƙar Garwa.

Mai kula da injin tace ruwan rini ya danna. Injin ya yi tari, ya tashi, karo na farko cikin wata goma sha ɗaya. Shekara tara mai injin yana aikin nan, kullum maganar patron ɗaya ce: lantarki tsada, maganin tacewa sai daga Faransa. Sauran kwanaki baƙin ruwan ta bayan katanga yake bi, ya zarce kogin Binuwai, inda mahaifin mai injin ya yi su har ya rataye komarsa.

Aka kai baƙin nan tafkin ƙarshe na injin, wanda jiya aka cika da ruwan famfo. Tarwada shida ƙosassu na iyo a ciki.

"Kun gani? Ruwanmu har kifi yake rayawa," in ji patron.

Babban baƙon ya juyo ga mai injin yana murmushi. "Malam, na kogin nan ne?"

Patron ya zare masa ido. Shi kuwa tura ta riga ta kai bango.

"Daga Tibati na ɗauko su a duro, ranka ya daɗe, kwana biyu a mota. Na nan sun gaji da jiranku, sun mutu."