Lalle a Yatsa Ɗaya

Maijidda mai waina ce ta fara gaya mini cewa Bara'atu ta sa keken ɗinkinta a kasuwa. Ta ce idan ya sayu, ran Juma'a za ta ɗauki 'yarta Nabila su koma ƙauyen yayanta can wajen Ƙonni. Yarinyar kuwa saura shekara ɗaya ta gama lakwal, wato makarantar boko.

Na san inda abin ya faro.

Bara ne, kafin damina. Bankin nan na talakawa da muke kira kes, inda matan Zongo suke ɗaukar jari, ya zo da sabon abu. Wani ma'aikacinsu Maliki ya bi shagunan layinmu, butik-butik, yana bayani. Inshora ce, shi yana cewa asirans. Ka ƙara ɗan abin da bai fi kuɗin goro ba duk sati, idan wuta ko ruwa ya ci kayanka, su tayar da kai. Mai so ya je ofis ya dangwala babban yatsa a tawada, a ba shi shuɗin kati. Tawadar nan mugunya ce, kwana uku ba ta fita ko da sabulun salo.

Bara'atu ta so ta shiga. Mijinta ya rasu, keken ne ubansu ita da Nabila. Kuma kayan da ke butik ɗinta ba nata ba ne, shadda da atamfar mutane ce da aka kawo ɗinki. Amma ita ba ta yin abu sai ta ji bakin uwar adashinsu, wata tsohuwa mai sayar da gero da daddawa a butik ɗin da ke jikin nata.

Tsohuwar nan shekara ashirin da biyu adashin layin yana hannunta. Suna, biki, rasuwa, ƙofarta ake fara bugawa. Tun da kes ya zo, mata huɗu suka zare jiki, gaisuwar safe ma ta ragu. Ba ta faɗa wa kowa ba, amma abin yana cin ta.

Ranar da Bara'atu ta je neman shawara, ta tarar da ita ta ƙunsa lalle a babban yatsan dama, shi kaɗai.

"Iya, lalle ya yi tsada ne? Yatsa ɗaya?"

Tsohuwa ta ce ɗan karkare ne yake son fito mata. Sannan ta juya kan maganar kati. Ta ce wannan sayen masifa ne tun ba ta zo ba, mai biyan kuɗin gobara ai gayyatar ta yake yi. Ta ce uwayenmu sun yi fataucin goro daga nan har Gwanja, wace takarda ce ta tsare su in ba Allah da zumunci ba? Bakinta yana da kaifi, kuma ta iya sa mutum ya ji kunyar abin da bai yi ba.

Bara'atu ta ce to, ta koma kan kekenta.

Ruwan ya sauka wata Talata a watan tara, tun hantsi har la'asar. Kwata ta cika ta juyo cikin layi. Kafin maza su kawo ɗauki, ruwa ya kai gwiwa a kowane butik. Shaddar amare uku ta sha laka, launin atamfa ya zuba a kan fararen yadi. Geron tsohuwa ya jiƙe, kwana biyu ya tsiro a cikin buhu.

Maliki ya zo da wayarsa ya ɗauki hoton butik ɗin masu kati. Mutane sun ƙirga uku. Ƙirgar mutane ba kullum take cika ba.

Adashi ya yi abin da zai iya, amma kowa ruwan ya taɓa shi, abin da aka haɗa bai sayi shadda ɗaya ba. Masu kaya kuma ba su da laifi, nasu suke nema. Bara'atu ta sayar da 'yan kunnenta, ta sayar da firji, ta riƙa biya ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwa kuwa sati uku ta buɗe da sababbin buhuna. Ta ce ɗanta ne ya aiko daga Abijan. Bara'atu ce ta kankare mata laka daga bango, ta taya ta jera kwanon awo, ta yi wa ɗan addu'a har da ɗaga hannu.

Maijidda ba ta tsaya a maganar keke ba. Ta ce jiya a gidan suna a unguwar Cissin mata sun taso Bara'atu a gaba, suna cewa tsohuwa ce ta cuce ta, ta je ta faɗa mata ido da ido kafin ta tafi. Bara'atu ta ajiye kwanon da ke hannunta ta ce:

"Ku bar mini Iya. Abin da ta hana ni, ta hana kanta. Tare muka jiƙe."

Maijidda ta faɗi wannan tana juya waina, ba ta ko kalle ni ba. Na biya ta, na ɗauki wainar, na kasa ci. Na ba jikoki.

Washegari da safe na ciro shuɗin katin daga ƙasan kwalla, na haɗa da ragowar kuɗin da ba ɗana ne ya aiko ba, na nufi gidan Bara'atu in nuna mata yatsan da bai taɓa yin karkare ba.