Karagar Otal a Hue

"Kawu, ka yi haƙuri, ba ka da siffar sarauta," in ji manajan, bayan ya ƙare wa tsohon kallo daga furfura har silifa.

Otal ɗin nan na bakin Kogin Turare a birnin Hue, tsohon mazaunin sarakuna, yana neman wanda zai sa rigar sarki mai ruwan ɗorawa, ya hau karaga, baƙi su ci abinci a gabansa suna ɗaukar hoto. Shi kuwa tsohon gwiwoyinsa sun gaji da tuƙa keken fasinja, ga matarsa kwance ba lafiya.

"Me na rasa, ɗana?"

"Tumbi, Kawu, da kumatu. Baƙi sun san sarki, suna ganinsa a fim."

Wani ƙaton mahauci aka ba karagar. Tsohon aka miƙa masa mafici, ya tsaya a baya yana yi masa fifita. Manajan da kansa ya koya masa gaisuwar fada, yana mitar tsohon bai da saurin ganewa.

Wata safiya manajan ya tarar da tsohon yana goge daɗaɗɗen hoton wani sarki a bango da hannun riga.

"Ka san shi ne?"

"Kakana ne. A kan karagar gaske aka ɗauke shi."

Manajan ya dubi hoton, ya dubi tsohon. Hancin ɗaya ne, ramar ma ɗaya. Sai ya ƙwala wa ma'aikata kira.

"Ku sauke ramammen nan kafin baƙi su iso. Gobe a rataya hoton mahaucin."