Dubu Bakwai da Bakwai

Baturen da ya zo duba lakwal ɗin Magarya, wato makarantar boko, ya ce ɗalibi ɗaya zai tura karatu Damagaram: wanda ya kawo lambar da ta haura dubu biyar, wadda bakwai da sha uku ke rabawa ba saura.

Maza suka duƙufa kan alluna. Wata yarinya ce kaɗai mace a ajin, kuma ko alli ba ta taɓa ba.

Ta ce wa Baturen, wanda suke kira Mushe da Faransanci: "Dubu bakwai da bakwai, Mushe. Sha ɗaya ma tana raba ta."

Ya lissafa, ya rubuta sunanta. "Wa ya gaya miki?"

Ta dubi fason dugaduganta, ta murmusa.

"Takuna ne daga ƙauyenmu zuwa nan. Shekara huɗu ina rarraba shi a hanya, don in manta da zafin rairayi."