Yadda Taɓarya Ta Auna Giginya

Akwai wani mai saran itace da ya cika gari da baki, wai idonsa ya fi igiyar awo. Ya ce shekara ashirin yana kayar da giginya, in ya ɗaga kai ya dube ta sau ɗaya, to ya san inda kanta zai sauka, ko da taƙi ɗaya ba ya kuskurewa. Shi wani manomi ya kira, domin akwai wata tsohuwar giginya a bayan gidansa wadda gara ta cinye wa gindi, ga damina ta matso da iskarta. Gabas ɗakunan iyali ne, arewa rijiya, kudu katangar maƙwabci. Yamma kaɗai ke da fili, a ƙarshen filin kuwa ga rumbun kara zaune a kan duwatsu, cike da geron da gidan zai ci har kaka. Mai sara ya zo a kan sabon kekensa mai madubi biyu da ƙararrawa, bai ma sauka ba, ya ɗaga kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce giginyar nan ko ta yi miƙa ba za ta taɓa rumbu ba.

Manomi dai hankalinsa bai kwanta ba, don in rumbu ya fashe, ba bakin mai sara za a tuƙa a ci ba. Bai yi boko ba, amma yana da natsuwa. Hantsi ne, inuwar giginya ta kwanta ta gefen rumbu har ta shiga gona. Sai ya shiga gida ya ɗauko taɓaryar matarsa, ya kwantar da ita ya taka, taku biyu. Ya tsayar da ita cak a rana ya taka inuwarta, taku uku. Ya ce a ransa, ashe a wannan sa'a duk taku uku na inuwa, taku biyu ne na tsayi. Nan take, kafin rana ta gusa, ya bi inuwar giginya daga gindi har kai, taku talatin da shida. Ya tsuguna ya tsinci tsakuwa talatin da shida, ya kasa su uku-uku, suka ba shi kashi goma sha biyu. Kowane kashi ya cire masa tsakuwa ɗaya ya bar biyu, ya ƙirga abin da ya rage, ashirin da huɗu. Ya tashi ya taka daga gindin giginya zuwa rumbu, taku ashirin da ɗaya kacal. Wato giginya za ta hau kan rumbu, har ta zarce da taku uku.

Mutanen unguwa da suka taru kallo, har da mai unguwa, suka yi ta dariya. Mai sara ya fi kowa, ya ce, "Baba, inuwa fa da safe doguwa ce, da azahar guntuwa. Wacce daga ciki za mu gaskata?" Manomi ya ce, "Ai rana ɗaya ce ke dukansu, ita da taɓaryar. In ta giginya ta gajarce, ta taɓarya ma ta gajarce." Ya roƙi maƙwabta suka fitar da dammunan gero ɗaya bayan ɗaya, majiya ƙarfi takwas suka cicciɓi rumbu suka kai shi can gefe, suna gumi suna mita, wai taɓarya ta sa su aikin gayya. Manomi kuma ya ja layi da ƙafarsa a taku na ashirin da huɗu. Mai sara ya ga an fifita taɓarya a kan idonsa, abin ya ci masa rai. Sai ya turo kekensa, ya kafe shi a tsakiyar duwatsun da rumbu ya tashi a kai, ya goge madubi da bakin riga, ya ce a nan keken zai zauna, kowa ya shaida. Manomi ya ce, "Ɗana, bari. Matsar da shi." Har sau uku yana faɗa. Mai sara ya kaɗa ƙararrawa ya tafi wajen gatarinsa.

Aka ɗaura igiya, gatari ya yi ta cin gindi, samari suka ja. Giginya ta yi ƙara, ta ɗan yi jim kamar mai shawara, sannan ta taho gaba ɗayanta. Da ƙura ta lafa, sai ga bakin ganyenta kwance a kan layin da manomi ya ja, kamar da hannu aka ajiye shi. Rumbu na can gefe lafiya lau, gero ko zangarniya ɗaya bai zube ba. Keke kuwa, ƙafar gaba ta naɗe kamar tabarma, sirdi ya shige ƙasa, ƙararrawa ta gangaro har gaban mai unguwa. Waɗanda suka ɗauki rumbu suna mita, su ne suka fara ɗaga taɓarya sama suna yi mata kirari, matan gida suka rangaɗa guɗa ta kan katanga. Mai sara ya tsaya da gatari a hannu, jama'a na wucewa ta gabansa ɗaya bayan ɗaya suna yi masa jaje, kowa yana danne dariya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.