Babana A Wannan Duniyar Yake

Tun safe masu kallon wani shiri mai dogon zango ke cacar baki a waya: jarumin ya shiga na'ura, ya faɗa wata duniyar, ya tarar da kansa ya auri wadda ya kasa yi wa magana a nan.

Wata nas ta shigo shagon mai gyaran waya, wanda yake tura mata shirin duk mako.

"Ni kam har kuka na yi," ta ce. "Kai fa?"

Bai ɗago ba. "Wataƙila a can duniyar ni ma ina da ƙarfin hali, tuni na je wajen babanki."

Ta kalle shi, ta danne murmushi.

"Babana dai a wannan duniyar yake. Ranar Asabar ba ya fita."