Takardar Haihuwar Mai Tsaron Raga

"Wannan takardar ba tata ba ce," in ji jami'ar tantance shekaru, ta ajiye ta kan tabarma.

Wasiƙa marar sa hannu ce ta kawo ta Mubi: wai mai tsaron ragar da aka zaɓa zuwa gasar duniya ta 'yan mata 'yan ƙasa da sha bakwai ta rage shekaru. Takarda ta ce sha shida. Jami'ar ta dubi tsawon yarinyar, ta ba ta ashirin.

"Dada, faɗa min gaskiya. Da aka gudu daga garin nan a 2014, shekararta nawa?"

"Uku," in ji uwar yarinyar. "A baya na goya ta har Kamaru."

Shekara sha ɗaya da yin gudun, sha huɗu take yanzu ke nan. Ba ta ma isa shiga gasar ba.

"To takardar wa ce?"

"Ta yayarta. Ita biyar take, da ƙafarta ta taka. A Sahuda, bakin iyaka, hannunta ya zame daga nawa." Ta shafa gefen takardar. "Na ce idan aka kira sunan a talabijin, ko ina take za ta ji."