Gurbin Sunan Mai Zane

Tun da aka kafa dokar, duk hoton zanen da ba a shigar da sunan mai shi ba, sai ma'adanar ƙasa ta rubuta masa "aikin na'ura". Shi ya sa Inna Tasalla ta yi sammakon zuwa ofishin rajista a Zariya, riƙe da hoton ɗawisun da marigayi ɗanta ya zana a bayan wata babbar mota.

Ma'aikaciyar, Suwaiba, ta bi guraben fom ɗin da ke kan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Shekara, gari, irin fenti, duk Inna ta amsa.

"Saura sunan mai zanen, Inna."

"Ai ɗan fari ne." Ta sunkuyar da kai. "Ga shi a takarda, ki karanta."

"Ba a karɓar takarda. Sai da muryar wanda ya ga ana zanen."

Shekara hamsin ba ta taɓa kama sunansa ba, ko ranar da aka fita da gawarsa. "Wancan yaron" take cewa. Sauran shaidun kuwa duk sun riga ta gidan gaskiya.

"Na'ura ce ta ɓata min zani da koren fenti?" in ji Inna.

Suwaiba ta matso mata da abin ɗaukar murya, ta ce bari ta ɗebo ruwa, ta ja ƙofa.

Inna ta daɗe tana kallon ɗawisun.

"Mamuda," ta ce a hankali.

Gurbin ya cika nan take. Ta waiga, ba kowa a ɗakin. Sai ta sake faɗa, wannan karon da ƙarfi, kamar mai kiran yaro cin tuwo.